Karayar Zoben Ƙugu da Hanyoyin Ɗorinta a Tiyata: Misali Daga Zangunan Ankara

1.0 Gabatarwa

Kotobabi unguwa ce a birnin Accra na ƙasar Gana, birnin da Hausawa suka daɗe suna kira Ankara. Ba ta da nisa da Maamobi da Nima, kuma a waɗannan unguwanni Hausa ce harshen ciniki da wa'azi da hulɗar yau da kullum tsakanin ƙabilu masu yawa. Unguwanni ne masu cunkoso. Manyan tituna kamar na Nima da na Kanda sun ratsa ta cikinsu ko ta gefensu, motocin haya da ake kira torotoro da babura da masu tafiya a ƙasa duk suna rububin hanya ɗaya. Daga shekarar 2018 zuwa 2024 babu shekarar da haɗarin hanya bai kashe fiye da mutum 2,000 a Gana ba. Cikin raunukan da irin wannan haɗari ke jawowa, karayar ƙugu tana daga cikin waɗanda suka fi saurin kisa.

Wannan takarda za ta yi bayanin yadda ƙashin ƙugu yake, da yadda yake karyewa, da hanyoyin da likitocin ƙashi ke bi su ɗora shi da ƙarfe. Manufa ita ce ɗalibi ya ga yadda Hausa ke ɗaukar bayanin kimiyya, ya kuma samu kalmomin da zai yi aiki da su idan wata rana ya tsinci kansa yana tafinta tsakanin likita da dangin majinyaci.

2.0 Kalmomin Aiki

Hausa tana da kalmomi da dama na wannan sashe na jiki: ƙugu, kwankwaso, kwatangwalo, katara, mara, matsematsi. Sai dai iyakokinsu ba su yi daidai da na likita ba, domin mai cewa ƙugunsa na ciwo yana iya nufin bayansa, yana iya nufin mahaɗar cinyarsa. A wannan takarda, "zoben ƙugu" na nufin dukkan ƙasusuwan da suka kewaye mara, suka haɗa ƙashin baya da cinyoyi.

Kalmar "jijiya" ita ma tana bukatar lura, saboda abubuwa uku take ɗauka. Za a rarrabe su kamar haka: jijiyar jini, wadda jini ke bi, jijiyar laka, wadda ke kai saƙon motsi da ji, sai igiyar gaɓa, wato zaren nan mai tauri da ke ɗaure ƙashi da ƙashi. Ƙusar da ake murɗawa cikin ƙashi za a kira ta ƙusar murɗi, siririn ƙarfe mai huji-huji da ake shimfiɗawa a kan ƙashi kuma farantin ƙarfe.

Akwai kuma batun furuci. A Hausar zangunan Gana, masu magana da yawa ba sa bambanta ƙ da k, ko ɗ da d. A kasuwa wannan ba ya hana fahimta. A asibiti kuwa dole tafinta ya kula, domin "ƙashi" daban "kashi" daban, haka nan "ƙusa" da "kusa". Majinyacin da aka tambaya ko ya ga jini a kashinsa, in ya ɗauka ƙashinsa ake nufi, amsar da zai bayar za ta ɓatar da likita.

3.0 Ƙirar Zoben Ƙugu

Ƙasusuwa uku ne suka yi zoben. Akwai manyan ƙasusuwan gefe guda biyu, dama da hagu, kowanne da faffaɗan fiffike wanda mutum ke taɓawa idan ya riƙe ƙugu. Na ukun shi ne ƙashin tushe, mai siffar kan mashi, wanda ƙashin baya ya zauna a kansa. Ta gaba, ƙasusuwan gefe sun haɗu a ƙasan mara, guringuntsi na tsakaninsu. Wannan ita ce mahaɗar gaba. Ta baya, kowannensu ya manne da ƙashin tushe. Waɗannan su ne mahaɗan baya.

Ƙasusuwan ba su da wani makulli na kansu. Igiyoyin gaɓa ne ke riƙe da su, kuma na baya suna daga cikin mafiya ƙarfi a jikin ɗan'adam. Nauyin gangar jiki ta baya yake saukowa ya rabu zuwa cinyoyi, saboda haka kaso mafi yawa na ƙarfin zoben a baya yake. A cikin zoben akwai mafitsara da mazurarin fitsari da dubura, ga mace kuma da mahaifa da farji. Jijiyoyin jini masu yawa sun yi saƙa a jikin ƙashin tushe, jijiyoyin laka masu zuwa ƙafa kuma sun bi ta cikin kafofinsa.

Wanda ya taɓa karya awarwaron gilashi ya san da wuya ya karye a wuri ɗaya. Haka zoben ƙugu yake. Idan hoto ya nuna ya karye ta gaba har ya goce, likita zai nemi rauni na biyu ta baya, ko da ido bai kama shi da farko ba.

4.0 Ire-iren Karaya

Tun a tsakiyar ƙarni na 19 wani likita Bafaranshe, Joseph-François Malgaigne, ya bayyana karayar da ke raba rabin ƙugu da sauran jiki ta gaba da ta baya, har yau kuma da sunansa ake kiranta. Rabe-raben da ake amfani da su yanzu guda biyu ne, dukkansu na shekarun 1980.

Na farko shi ne na Marvin Tile na birnin Toronto a Kanada, wanda ya dubi ƙarfin da ya rage wa zoben. Rukunin A shi ne karayar da ba ta raunana zoben ba, kamar ɓallewar gefen fiffike. A rukunin B rabin ƙugun na iya juyawa ciki ko waje, amma ba ya hawa sama, domin wasu igiyoyin baya na nan. A rukunin C bayan ya rabu gaba ɗaya, rabin ƙugun yana juyawa, yana kuma hawa sama.

Na biyu shi ne na Young da Burgess na birnin Baltimore a Amurka, waɗanda suka dubi ɓangaren da bugun ya fito. Idan ta gefe ne, kamar mai tsallaka titi da mota ta banke, ƙugun yakan matse ciki. Idan ta gaba ne, kamar mai babur da ya yi karo ƙugunsa ya daki tankin mai, mahaɗar gaba takan tsage, ƙugun ya wage. Likitoci na kiran wannan buɗaɗɗen littafi. Idan kuma mutum ya faɗo daga bene ya dira da ƙafa ɗaya, rabin ƙugun yakan tsinke ya yi sama.

Karayar rukunin A, da wasu daga cikin na B, suna warkewa da hutu da maganin ciwo da motsa jiki. Wadda ke bukatar ƙarfe ita ce mai girgiɗi, wato wadda ba za ta iya ɗaukar nauyin jiki ba sai ta ƙara gocewa. Bisa al'ada, idan mahaɗar gaba ta wage fiye da santimita 2.5, ana ɗauka cewa igiyoyin da ke bayanta sun taɓu.

5.0 Sa'o'in Farko

Abin da ke kashe mai wannan karaya a ranar farko zubar jini ne, kuma jinin a ciki yake zuba inda ba a gani. Jinin babban mutum bai wuce kamar lita 5 ba, wagaggen ƙugu kuwa na iya shanye kaso mai yawa daga ciki. Yawancin zubar daga ƙananan jijiyoyi masu mayar da jini zuciya take fitowa, da kuma bakin ƙashin da ya karye. Irin wannan zuba matsi na iya tsayar da ita.

A nan ne mutanen unguwa ke da rawar takawa. A ɗauka wani matashi ne babur ya kayar a bakin titi a Kotobabi, yana kukan ƙugu, ya kasa tashi, jikinsa ya yi sanyi yana gumi. Kada a miƙar da shi tsaye, kada a ja ƙafarsa, kada a girgiza ƙugun don a ji ko ya karye, kada kuma a ba shi ruwa ko abinci. A samu zane ko zanen gado a naɗe shi da faɗi, a zura ta ƙarƙashinsa, a ɗaure tam. Wurin ɗaurin shi ne muhimmi: daidai katara, inda kan ƙashin cinya ya tuɗo a gefe, ƙasa da inda ake ɗaura wando. Ɗaurin da ya hau ciki ba ya rufe zoben. Sannan a haɗa gwiwoyi da idon sawu a ɗaure, a ɗauke shi a kan abu mai tauri, kamar ƙyaure ko katako.

An kafa hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta ƙasar Gana a 2004, a watan Janairu na 2020 kuma aka ƙaddamar da sababbin motoci 307. Lambar kiran gaggawa ita ce 112. Duk da haka, raunana da yawa a tasi ko motar maƙwabci suke isa asibiti, shi ya sa sanin wannan ɗauri ya shafi kowa. Mai irin wannan rauni babban asibiti yake bukata, mai ɗakin tiyata da ma'ajin jini da likitan ƙashi. Asibitin Soja na 37, wanda aka kafa a 1941, yana kusa da Nima da Maamobi. Akwai kuma Asibitin Ridge, da Asibitin Koyarwa na Korle Bu wanda aka buɗe a 1923.

A asibiti ana ƙara jini, ana kuma yin allurar wani magani mai suna tiranekzamik, wanda babban binciken da aka wallafa a 2010 ya nuna yana rage mutuwa daga zubar jini. Amfaninsa a cikin sa'o'i 3 na farko yake. Idan jinin ya ƙi tsayawa, likita na iya tsaga ƙasan mara ya cusa audugar tiyata ta danne wurin, ko kuma, inda akwai kayan aiki, a zura siririn bututu ta jijiya a toshe wadda ke zuba. Idan aka ga jini a bakin mazurarin fitsari, ba a gaggawar sa robar fitsari sai an tabbatar mazurarin bai tsinke ba.

6.0 Hanyoyin Ɗori da Ƙarfe

Kafin tiyatar ƙugu ta yaɗu, majinyaci yakan kwanta makonni masu yawa, an rataye ƙugunsa a majanyi, an ɗaura wa ƙafarsa nauyi. Da yawa sukan tashi da karkataccen ƙugu, ƙafa ɗaya ta gajarce, ga ciwon baya na har abada. Ƙungiyar AO da aka kafa a Suwizalan a 1958 ta yaɗa ɗori da faranti da ƙusa, Robert Judet da almajirinsa Emile Letournel kuma suka share hanyoyin isa ga ƙasusuwan ƙugu a Faransa. Ƙa'idar aikin biyu ce: a mayar da ƙashi mazauninsa, sannan a riƙe shi har ya warke.

6.1 Ƙarfen Waje

Ana kafa ƙusoshi a fiffiken ƙugu ko a saman mahaɗar cinya, su fito waje ta fata, a haɗa su da sandunan ƙarfe a gaban ciki. Aikin yana da sauri, kayansa kuma ana iya sake amfani da wasunsu, don haka ya dace da gaggawa da kuma inda kuɗi suka yi ƙaranci. Rauninsa shi ne ba ya riƙe baya sosai, don haka shi kaɗai bai isa ga rukunin C ba. Bakin ƙusoshin na iya yin ruwa, zama da sa tufafi kuma suna wuya. A 1991 Reinhold Ganz na birnin Bern ya fito da wani matsi mai siffar harafin C wanda ke damƙe bayan ƙugu na ɗan lokaci.

6.2 Ɗorin Gaba

Idan mahaɗar gaba ce ta wage, ana yin tsaga a kwance a ƙasan mara, irin ta haihuwar tiyata, a kare mafitsara, a jawo ƙasusuwan su haɗu, a shimfiɗa faranti a kai a ɗaure da ƙusoshi. Idan rassan ƙashin mara ne suka karye, ana iya zura doguwar ƙusa ta cikin ɓargon reshen, ko a sa dogon faranti ta hanyar da Letournel ya tsara ta matsematsi, ko ta hanyar da ke bi ta bayan ƙashin mara wadda ake dangantawa da René Stoppa. A wannan wuri wasu mutane suna da wata jijiyar jini da ta gitta ƙashin, wadda likitocin da suka yi wa laƙabi da rawanin ajali saboda yadda take zubar da jini in an yanke ta ba a sani ba.

Akwai kuma sabuwar dabara da ta yaɗu bayan 2010: ƙusa ɗaya a kowane gefe, a haɗa su da sanda a ƙarƙashin fata. Majinyaci na samun sauƙin zama, amma sandar na iya danne jijiyar lakar da ke ba gefen cinya ji, kuma sai an sake tiyata a cire ta bayan watanni.

6.3 Ɗorin Baya

Nan ne gundarin aikin yake. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce ƙusar murɗi mai kauri kamar milimita 7, wadda ake zurawa ta ɗan ƙaramin huji a gefen ɗuwawu, ta ratsa fiffike ta shiga ƙashin tushe. Chip Routt na birnin Seattle ya yaɗa yin ta majinyaci na kwance rigingine a shekarun 1990. Jini kaɗan ake asara, fata kuma ba ta wahala. Amma hanyar da ƙusar za ta bi ƙunƙunta ce: gabanta jijiyar laka da manyan jijiyoyin jini, ƙasanta kafar da wata jijiyar ke fita, bayanta kuma kwararon laka. Kuskuren milimita kaɗan na iya sa tafin ƙafa ya saki. Saboda haka ba a yin ta sai da na'urar hoton ƙashi a ɗakin tiyata, ana duba ƙugun ta sama da ta ƙasa da ta gefe. Ƙirar ƙashin tushe ma ta bambanta daga mutum zuwa mutum, shi ya sa ake son hoton siti-sikan kafin aiki. Sharaɗi na ƙarshe shi ne sai ƙashin ya koma mazauninsa kafin a sa ƙusar, domin ƙusa ba ta gyara gocewa, riƙe ta take yi yadda ta same ta.

Idan jan ƙafa bai mayar da ƙashin ba, sai a buɗe. Ana iya shiga ta gaban fiffike a sa faranti a kan mahaɗar baya, ko a shiga ta baya a shimfiɗa faranti daga fiffike zuwa fiffike. Shiga ta baya na da haɗarin ruɓewar rauni idan fatar wurin ta daku a haɗarin. Idan kuwa ƙashin tushe ya dagargaje, ko ƙashin baya ya rabu da ƙugu, ana kafa ƙusoshi a ƙasusuwan baya na ƙasa, a haɗa su da fiffike da sanduna, nauyin jiki ya tsallake wurin karayar.

6.4 Zaɓi da Lokaci

Zaɓin hanya ya danganta ga irin karayar, da halin fata, da sauran raunuka, da kayan da asibiti ke da su, da ƙwarewar likita. Rukunin B sau da yawa ɗorin gaba ya isa, ko a ƙara ƙusa ɗaya a baya. Rukunin C dole a riƙe baya, yawanci har da gaba. Ana yin babban aikin da zarar majinyaci ya farfaɗo, galibi cikin 'yan kwanaki. Bayan mako 2 zuwa 3 ƙashi ya fara kamawa a inda ya goce, mayar da shi kuma ya zama babban aiki mai zubar da jini.

7.0 Jinya da Halin Zango

Amfanin ƙarfe shi ne majinyaci ya tashi zaune da wuri, ya tsira daga gyambon kwanciya da ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa. Taka ƙafar da ke ɓangaren raunin da cikakken nauyi kuwa yakan jira mako 6 zuwa 12. Wasu sukan rage da ciwon baya, ko matsalar fitsari, ko raunin kusantar iyali. Waɗannan abubuwa ne da kunya ke hana faɗa, kuma tafinta mai iya sakaya zance yana taimakawa a fito da su. Macen da aka sa wa ƙarfe na iya ɗaukar ciki, wasu ma suna haihuwa da kansu, amma wajibi ne ta sanar da masu awo tun farko.

Abubuwa biyu kan jawo jinkiri a zango. Na farko kuɗi. Gana ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, amma sau da yawa dangi ne ke biyan kuɗin faranti da ƙusoshi, kuma kafin a gama karo-karo a masallaci da wajen 'yan'uwa kwanaki sun tafi. Haka nan ana bukatar masu ba da jini. Na biyu shi ne komawa ga maɗori. Ɗori sana'a ce ta gado mai daraja a ƙasar Hausa da zanguna, mutane kuma sun yarda da ita saboda kusanci da rangwame. Sai dai karan ɗori yana aiki ne a gaɓar da za a iya kewayewa a matse, kamar hannu ko ƙwauri. Zoben ƙugu yana can cikin tsoka, jan sa da murza shi na iya tayar da jinin da ya riga ya daskare. Maɗorin da ya san aikinsa, idan ya ga wanda ya kasa ɗaga ƙafa bayan haɗari, cewa zai yi a tafi asibiti.

8.0 Kammalawa

An ga cewa ƙarfin zoben ƙugu a bayansa yake, kuma karaya mai girgiɗi tana barazana ga rai da farko, ga tafiya daga baya. Zane da aka ɗaura daidai katara yana rage zubar jini, ƙarfen waje yana riƙewa na ɗan lokaci, faranti yana rufe gaba, ƙusar murɗi ko sanduna kuma suna riƙe baya. Ta fuskar harshe, an ga cewa Hausa na iya ɗaukar bayanin nan duka, muddin mai magana ya rarrabe ma'anonin kalmomi irin su ƙugu da jijiya, ya kuma tabbatar mai sauraro ya gane wadda ake nufi.

9.0 Auna Fahimta

1. Bayyana bambancin ma'ana tsakanin karya, karye, kakkarye da karaya, ka sa kowacce cikin jimla.
2. Kalmomin ɗora, ɗori, ɗoru da maɗori tushensu ɗaya. Nuna yadda aka gina kowacce.
3. Kawo kalmomi biyar masu ƙ ko ɗ waɗanda ma'anarsu ke sauyawa idan aka furta su da k ko d.
4. Cikin jimloli shida, yi wa dattijuwar da ɗanta ke kwance bayanin dalilin da ya sa za a sa masa ƙusa a baya alhali ta gaba aka ga karayar. Kula da kalmomin girmamawa.